Ranar da Ba-Komai Ya Kasa Ɗaga Hannu

A can ƙarshen barandar ofisoshi, in ka wuce famfon nan da ba ya rufuwa, akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Shi ne siton kwalejin koyon sana'a, inda ake ajiye tsintsiya da alli da ƙwan lantarki da man inji. Mutumin da ke riƙe da makullinsa kowa Ba-Komai yake ce masa, kuma sunan bai zo da wahala ba. Ka taka masa ƙafa, ba komai. Ka ari bokiti ka ƙi mayarwa, ba komai. Ranar da wani direba ya yo baya da mota ya murƙushe masa keke, shi ya riga direban ba da haƙuri.

Mutane suna cewa Allah ya zuba masa haƙuri. Matarsa kuwa, wadda ta fi kowa saninsa, in ta ji haka dariya take yi har da riƙe ciki. "Wane irin haƙuri? Tsoro ne fal cikinsa." Kuma gaskiyarta. Yana tsoron ɗaga murya, yana tsoron ƙofar ofishin shugaba ko da a rufe take, yana tsoron karen maƙwabta wanda tsufa ya zubar wa haƙora. In wayarsa ta yi ƙara da baƙuwar lamba, zuba mata ido yake yi har ta gaji ta yi shiru.

Tsoron yana da asali. Mahaifinsa mai gadi ne a wata masana'anta. Wata safiya, Ba-Komai yana ƙarami, ya ga uban ya shigo gida rungume da bargonsa da tocilarsa da butarsa, ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Wani abu ne ya ɓata a masana'antar, aka zauna a ofis aka yanke cewa shi ne, aka aiko masa da saƙon kora a bakin ƙofa. Har ya koma ga Allah maganarsa ɗaya ce: "Ko tambayata ba su yi ba." Abin da yaron ya ɗauka daga wannan shi ne kada ka yarda manya su san da zamanka. Da haka ya girma, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, saura Auta, wadda take karatu a kwalejin da yake aiki.

To, kwalejin tana da kwamitin sauraron koke-koke. Duk ɗalibin da yake ganin an zalunce shi, ko ma'aikacin da aka taka, nan yake kai ƙara. Mutum uku ne a ciki: mataimakiyar shugaba a madadin malamai, wakilin ɗalibai, sai wakilin ƙananan ma'aikata. Ƙa'idarsu ita ce ba a raba mutum da aikinsa ko karatunsa sai an ji ta bakinsa, kuma sai hannu ukun nan sun tashi gaba ɗaya. Kujera ce da ba mai so, don duk yadda ka yi sai ka kwana da maƙiyi. Saboda haka ƙananan ma'aikata suka samo dabararsu. Ranar zaɓe kowa sai ya hallara, har mai zazzaɓi da mai ciwon baya, a duba wanda bai zo ba a ɗora masa. Ba-Komai, wanda taro ke sa shi ciwon ciki, ya kulle kansa a sito a ranar. Yana cikin jera tsintsiya ya ji ana buga ƙofa, ya buɗe ya ga masu shara da direbobi suna washe baki suna yi masa barka.

Ya ce ba komai. A daren bai iya cin abinci ba.

Watannin farko Allah ya rufa asiri. Ƙararrakin ƙanana ne: ɗalibin da aka rage wa maki, mai dafa abinci da take cewa ana ɗora mata aikin mutum biyu. Ba-Komai yana zama a kujerar da ta fi kusa da ƙofa, yana satar kallon hannun mataimakiyar shugaba. In nata ya tashi nasa ya tashi, in nata ya zauna nasa ya zauna. Har ya fara tunanin shekarar za ta wuce lafiya, sai maganar Guduma ta taso.

Guduma malamin ɗakin injuna ne, inda ake koyon yankan ƙarfe da walda. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, kuma ya dace da shi. Ƙato ne, in yana magana kamar faɗa yake yi, ka gaishe shi a hanya ya wuce ko waiwaye babu, a ajinsa kuma an hana tambaya. Ya daɗe a kwalejin fiye da yawancin bishiyoyin cikinta. Shi kansa Ba-Komai ya taɓa ba shi man inji wanda ba shi ya nema ba, Guduma ya yi masa tsawar da ta sa tun daga ranar in ya hango shi tafe sai ya shige bayan kantar sito.

Abin da ya faru shi ne, ana tsakiyar aiki inji ya kama hannun rigar wani ɗalibi ya ja. Yaron ya yi ihu, 'yan ajin suka yi ihu suna kiran Malam ya kashe injin, domin babban makunnin yana jikin bango kusa da shi. Guduma yana tsaye ya ba su baya yana goge wani ƙarfe, bai juyo ba. Kafin wani ya tsallake tebur ya kashe wutar, yaron ya rasa yatsu biyu. Ɗalibai suka ce ai ya ji, mugunta ce kawai, suka kai ƙara suna neman a kore shi.

Ranar zaman kwamiti da safe, Auta ta ajiye wa ubanta shayi ta tsaya a kansa. Yaron ɗan ajinsu ne, a gabanta aka fita da shi.

"Baba, yau dai don Allah kada ka ba ni kunya. Ɗaga hannu ne kawai, ba dutse aka ce ka ɗauka ba."

Uwarta ta ce, "Kwantar da hankalinki. Ubanki ko cewa aka yi a kore shi shi kansa, ɗaga hannu zai yi."

Ya yi ƙoƙarin yin dariya, shayin ya sarƙe shi.

Kafin ya isa ɗakin taron ɗalibai sun cika filin gaban ginin. Ba su fara jifa ba, amma wasu sun riƙe sanduna, wasu suna dukan tankin ruwa, kuma bakinsu ɗaya: a kore shi. Ba-Komai ya bi ta bayan gini ya shiga. A ciki mataimakiyar shugaba ta rufe tagogi, ita ma fuskarta ba ta yi kama da ta wadda ta yi barci ba. Wakilin ɗalibai, wani dogon saurayi mai tabarau, sai kai da komo yake yi.

Ta ce, "Ba za mu ja zancen ba. Mun ji ɗalibai. Malam kuma an kira shi a waya, ya ɗauka ya ce yana aiki, ya kashe. An aika masinja ya tsaya a ƙofar ɗakin injuna ya kira shi, ko kallo bai ishe shi ba. Wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, ya zubar da damarsa. Shugaba yana son a gama kafin yaran nan su fasa mana gilasai. Masu ganin a sallame shi su ɗaga hannu."

Hannunta ya tashi. Na saurayin ya riga nata. Suka juyo suna jiran na uku, yadda ake jiran abin da aka saba.

Hannun Ba-Komai yana kan cinyarsa. Ya so ya ɗaga shi, Allah ya sani ya so. Yana jin dukan tankin a cikin ƙirjinsa, yana ganin fuskar Auta, yana lissafin yadda shugaba zai kira shi ofis. Amma ga wani tsoron kuma ya taso ya danne waɗannan duka. Ya hango Guduma yana shiga gidansa rungume da kayan aikinsa, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. 

Mataimakiyar shugaba ta ce, "Malam mai sito, muna jiranka."

Ya amsa kansa a ƙasa. "Ranki ya daɗe, ba mu ji ta bakinsa ba."

"Ba ka ji na ce ya ƙi zuwa ba?"

"Na ji. Sai dai... ba wanda ya je gabansa ya gaya masa ido da ido."

Wakilin ɗalibai ya buga tebur. "Baba, ka san abin da kake yi kuwa? Ka leƙa waje ka gani! In na fita na ce musu kai ka hana, me kake tsammani?"

Ba-Komai bai leƙa ba, don ya san in ya leƙa zai faɗi. Mataimakiyar shugaba ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Can ta sauke hannunta ta ce, cikin fushi, "To madalla. Tunda kai ne mai son ji, tashi ka je ka zo da shi."

Ɗakin injuna yana ɗaya gefen filin, kuma ba wata hanya sai ta tsakiyar ɗaliban. Ya fito baranda, ihun ya tsaya cak, ana jiran a ji hukunci. Da suka ga mai sito ne kawai, kansa a ƙasa, sai aka fara tambaya. "Baba, an kore shi?" "Baba, yi magana mana!" Yana ratsa su yana cewa sannunku, sannunku. Wani ya ja masa riga. Bai juya ya ga ko wane ne ba.

Ya tura ƙofar ɗakin injuna. Ko'ina shiru, warin mai da ƙarfe kawai. An wanke ƙasan wajen da abin ya faru, amma ba a wanke shi da kyau ba. Guduma yana can ciki, ya ba ƙofa baya, yana shafa wa injin da ya ci yatsun yaron mai.

Ba-Komai ya yi sallama a hankali. Shiru. Ya ƙara, ya ɗan ɗaga murya. Shiru. Ya ce a ransa, shi ke nan, mutumin nan ya ji, so yake in matso ya haɗa ni da bango. Ya fara ja da baya, gwiwar hannunsa ta ture wani faranti cike da ƙusoshi da sukurori. Farantin ya faɗi a kan siminti da ƙarar da ta sa shi kansa ya yi tsalle ya dafe ƙirji, ƙusoshi suka watsu har ƙarƙashin tebura.

Guduma ya ci gaba da shafa mai.

Ba-Komai ya tsaya baki buɗe. Sai abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya: gaisuwar da ba a amsawa, tambayar da aka hana a aji, maganar da kullum take fita kamar tsawa, man injin da aka yi masa faɗa a kai alhali sai da ya tambaya wanne ake so. Ya zagaya a hankali ya tsaya a gabansa. Guduma ya zabura har gwangwanin man ya kusa suɓuce masa, nan take idanunsa suka sauka a kan bakin Ba-Komai suka tsaya a nan.

"Me kake nema?"

Ba-Komai ya nuna ƙusoshin da ke ƙasa, ya nuna farantin, sannan ya taɓa kunnensa. 

Ƙaton mutumin nan ya nemi benci ya zauna. Hannayensa, waɗanda ɗalibai ke cewa suna lanƙwasa ƙarfe, rawa suke yi. Ba-Komai ya san wannan rawar, tasa ce ta kullum, bai taɓa zaton zai gan ta a jikin Guduma ba.

"Ya daɗe," in ji Guduma, yana ƙoƙarin rage murya bai san yadda ake yi ba. "Na hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi. Ƙarar injunan nan ce ta cinye su. Ko matata ba ta san iyakar abin ba. In suka sani za su raba ni da ɗakin nan, ni kuma ban iya komai ba sai shi. Ka rufa mini asiri. Gara su ce mugu ne ni."

Ba-Komai ya durƙusa daidai fuskarsa, ya buɗe baki sosai yadda zai gani. "Korarka za su yi. Yanzu. Hannuna kawai ya rage."

"To ka ɗaga."

"Ba zan iya ba. Ƙarya kuma in aka tsare ni da ido ba na iya ta, tsoro nake ji. Ka zo ka faɗa da bakinka. Yaron nan yana can yana zaton ka ji shi ka ƙyale."

Wannan ta ƙarshen ce ta tashe shi. Ya goge hannu da tsumma, ya cire rigar aiki ya rataye, suka fito tare.

Komawar ta fi zuwan muni. Da ɗalibai suka ga Guduma, filin ya ɗauka. Zagi ta ko'ina, har da na iyaye. Guduma yana tafe kansa a sama, ba abin da yake shiga kunnensa, Ba-Komai kuwa ya ji nasa ya ji na Guduma. Wata robar ruwa ta same shi a kafaɗa. A kusa da matakala ya haɗa ido da Auta, ta ga ubanta yana tafe kafaɗa da kafaɗa da mutumin da suka zo a kora, ta juya fuska. Wannan ya fi robar zafi.

A ɗakin taro aka shigo da yaron, hannunsa a naɗe, rataye a wuya. Ba-Komai ya ja kujerar Guduma ya juya ta yadda zai fuskanci kowa, ya buɗe taga ɗaya don haske, ba wanda ya tambaye shi dalili. Yaron ya faɗi nasa. "Na kira ka, Malam. Da duk ƙarfina na kira ka."

Guduma yana kallon bakinsa har ya gama. Ya ce, "Ban ji ka ba, ɗana. Wallahi ban ji ka ba. Na daɗe ba na ji, na ɓoye."

 Mataimakiyar shugaba ta dafe goshi. Wakilin ɗalibai ne ya fara magana, kuma ba da ihu ba. Ya matso gaban Guduma ya ce, "Ke nan ka san ba ka ji, ka bar mu a gaban injuna."

"Haka ne."

"Da ka faɗa, da yatsunsa suna nan."

"Haka ne," in ji Guduma, hawaye yana bin gemunsa. Ba-Komai ya so ƙasa ta tsage ya shige, don shi ya jawo mutumin nan cikin wannan, kuma saurayin bai yi ƙarya ba.

An daɗe ana magana. Aka tambayi yaron abin da yake so, aka tambayi Guduma. Aka kuma tambayi abin da ba wanda ya tambaya da safe: me ya sa makunni ɗaya ne a ɗaki mai injuna da yawa, kuma me ya sa malami ɗaya ke tsaron aji guda? A ƙarshe aka tsayar cewa ba za a kori Guduma ba, amma ya bar ɗakin injuna har abada, ya koma koyar da zane a kan allo, a kuma kai shi asibitin kunne. Kwaleji za ta ɗauki jinyar yaron, gurbinsa yana nan, kowane inji a sa masa makunni a kusa da hannu. Mataimakiyar shugaba ta ce waɗanda suka yarda da haka su ɗaga hannu. Hannu uku suka tashi.

Kada ka zaci an gode masa. Ɗalibai da yawa sun ce an sayi mai sito, har aka rubuta masa baƙar magana da alli a ƙofar ƙarfen, ya goge da kansa. Shugaba ya daina amsa gaisuwarsa na wani lokaci. Auta ta yi kwanaki tana ajiye masa shayi ba magana, sai ranar da yaron ya dawo aji ta ce, tana kallon bango, "Ya ce gara da ya san Malam bai ji shi ba ne." Guduma kuwa yana nan yana koyar da zane, da ɗan abin ji a kunne, ya rame, kuma ba ya bi ta gaban ɗakin injuna. In sun haɗu Ba-Komai yana tsayawa a gabansa ya gaishe shi sosai. Wata rana Guduma ya amsa, wata rana ya kau da kai. Ba-Komai, wanda ya yi shekara da shekaru ba shi da maƙiyi ko ɗaya, yanzu sai ya zauna ya ƙirga su.

Shekara ta zagayo, ranar zaɓen wakili ta zo. Tun da safe matarsa ta goge masa riga.

"Ka ji ni da kyau. Ka je da wuri, ka zauna a gaba inda kowa zai gan ka, ka yi tari ma in ya kama. Kada ka sake su ƙara ɗora maka wannan masifar."

Ya ce to. Ya isa da wuri kuwa. Ya tsaya a bakin ɗakin taron yana jin hayaniyar masu shara da direbobi, kowa ya zo, ana raha ana leƙen wanda bai iso ba. Taku ɗaya ya rage ya shiga ya huta.  Ya tuna akwai wata mai wanke-wanke da aka ce za a kawo ƙararta watan gobe, mace ce da in manya suna magana ba ta iya ɗaga kai.

Ya juya ya bi baranda, ya wuce famfon da ba ya rufuwa, ya shiga sito ya ja ƙofa. Ya zauna a kan buhun alli yana jiran a zo a buga masa ƙofa.